Ziyarar iyali zuwa wuraren tarihin Mormon a Amurka: ta ina za a fara, kuma wace ƙofa ce a buɗe

Tambaya: Muna zaune a Amurka, ni da maiɗakina da yara uku, ɗan shekara 14 da 'yar 9 da auta mai shekara 5. Mu Musulmi ne. Maƙwabcinmu ɗan cocin Mormon ne, ya gayyace mu taronsu na Lahadi, ya kuma ba mu shawarar mu kai yara wuraren tarihinsu a hutun Yuli. Kwana goma muke da shi. Za mu iya zagayawa daga New York har Utah da mota? Kuma baƙo irinmu ina zai iya shiga?

Amsa:

Malam, kwana goma ba za su ishe ku daga New York zuwa Utah ba, in dai gani kuke so ku yi ba tuƙi kawai ba. Daga Palmyra a jihar New York, inda addinin ya faro, zuwa birnin Salt Lake, in aka bi ta Kirtland da Nauvoo da Independence da Omaha, tafiyar ta haura kilomita 3,500. Tsakanin Kirtland da Nauvoo kaɗai awa tara zuwa goma ne a mota, daga Omaha zuwa Salt Lake kuma awa goma sha uku ko fiye. Yaro ɗan shekara 5 ba zai jure wannan ba, kuma kamfanin hayar mota zai ɗora muku kuɗi mai tsoka in kun ɗauki mota a wata jiha kun ajiye a wata. Shawarata ku ɗauki rabin gabas: Palmyra, Kirtland, Nauvoo. Utah ku bar ta zuwa wani hutun, ku je ta jirgi. Wannan tsarin yana bin tarihin yadda ya gudana, daga 1820 zuwa 1846, don haka yara za su riƙe zaren labarin.

Kafin hanya, ku bambance gine-gine iri uku, domin a nan baƙi suka fi shiga ruɗu. Wuraren tarihi a buɗe suke ga kowa, kuma waɗanda cocin ke kula da su kyauta ne. Majami'ar unguwa, inda ake taron Lahadi, ita ma a buɗe take, har da rubutun maraba da baƙi a jikin ginin. Haikali kuwa daban yake. Ba ya karɓar baƙo, kai ko ɗan cocin ma sai yana riƙe da takardar izini da bishop ɗinsa da shugaban yankinsu suka sa wa hannu bayan ganawa da shi. A can suke ɗaura aure irin nasu da yin baftisma a madadin matattu. Harabar haikali da lambunsa kuna iya yawo a ciki, kuna iya ɗaukar hoto daga waje. Ba a barin jama'a su shiga ciki sai a 'yan makonnin da ake buɗe sabon haikali ko wanda aka sabunta, kafin a keɓe shi. Ku faɗa wa yara wannan tun a gida, don kada wani ya ruga ƙofa a mayar da shi ya ji an wulaƙanta shi. Ku kuma sani cewa tun 2018 shugabanninsu suka roƙi a riƙa kiran cocin da cikakken sunansa, The Church of Jesus Christ of Latter-day Saints, wanda shi za ku gani a alluna. Ba za a yi fushi da baƙo don ya ce Mormon ba, amma kiyayewa ladabi ne.

Ku sauka filin jirgin Rochester, Palmyra ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga nan ba. Kwana biyu sun wadatar. Ku fara da gonar iyalin Joseph Smith, mutumin da ya kafa cocin, da safe kafin rana ta yi. Akwai bukkar gungume da aka sake ginawa a mazauninta na asali, da gidan katako da iyalin suka koma daga baya, sai kurmin da suke kira mai tsarki, inda Joseph Smith ya ce ya ga wahayi a bazarar 1820 yana ɗan shekara 14. 'Yan mishan ne ke zagayawa da ku a gidajen, amma kurmin ku kaɗai za ku shiga. Hanyoyi ne na ƙafa a ƙarƙashin dogayen itatuwa, da bencina jefi-jefi, mutane suna zaune shiru wasu na karatu wasu na addu'a. A ja wa yara kunne su rage murya, kada su tsinki ganye, kada su sauka daga hanya. Wannan na ƙarshen ba don ladabi kaɗai ba ne. Dazukan New York na da kaska mai ɗauke da cutar Lyme, akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa fata ta yi ƙuraje masu ƙaiƙayi. Dogon wando da safa, sannan da dare a duba bayan gwiwa, hammata, bayan kunne da cikin gashin kowane yaro.

Wurin da ya fi riƙe hankalin yara a Palmyra shi ne maɗaba'ar Grandin da ke kan babban titin garin. A nan aka buga Littafin Mormon, littafinsu mai tsarki, karon farko, kwafi 5,000 a kan dala 3,000, bayan wani manomi mai suna Martin Harris ya jinginar da gonarsa. An fara aikin a ƙarshen daminar 1829, littafin ya fito kasuwa a watan Maris na 1830. Za a hau da ku bene a nuna muku yadda ake tsinto haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a jera su a juye, a shafa tawada, a danna shafi 16 a fuskar babbar takarda ɗaya, a shanya, a naɗe, a ɗinke da zare. Ko mutum bai damu da addinin ba, ganin yadda ake haɗa littafi da hannu ya isa dalilin zuwa. Tudun Cumorah, inda Smith ya ce mala'ika ya nuna masa a 1823 allunan zinariyar da ya ce daga cikinsu ya fassara littafin, hawan 'yan mintuna ne, kuma akwai hanyar mota zuwa sama. Tsofaffin littattafan yawon buɗe ido suna maganar babban wasan kwaikwayo da ake yi a gindin tudun kowane Yuli. An daina shi, na 2019 ne na ƙarshe, kada ku tsara tafiyarku a kansa. Gonar Whitmer da ke Fayette, inda aka kafa cocin ranar 6 ga Afrilu 1830, tana da nisan kusan minti 45, awa ɗaya ta ishe ku a can. Mahaifar Smith a Vermont da wurin da ke bakin kogin Susquehanna a Pennsylvania duk sun kauce wa hanyarku, ku bar su.

Daga Palmyra zuwa Kirtland a jihar Ohio kamar awa huɗu ne a babbar hanya mai lamba 90, kuma magangarar ruwan Niagara tana kusa da hanyar, ku ba yara rabin yini a can. Hanyar ta kuɗi ce, kuma a ɓangaren New York an daina karɓar tsaba tun 2020, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. Ku tambayi kamfanin haya tun a kanta yadda suke cajin wannan, domin kuɗin hidimar da wasu ke ƙarawa yakan fi kuɗin hanyar kansa. Autarku kuma doka ta wajabta mata kujerar yara a mota. Ku zo da taku daga gida, hayarta na kwana goma zai iya kai kuɗin sabuwa.

Kirtland ce kaɗai inda za ku shiga haikali. An keɓe shi ranar 27 ga Maris 1836, shi ne na farko da suka gina, kuma ba a yin ibadun da ake yi a sauran a cikinsa, shi ya sa yake a buɗe. Shekaru da yawa yana hannun wani reshe da ake kira Community of Christ, sai a Maris 2024 babban cocin na Utah ya saye shi tare da wasu gidaje a Nauvoo da takardun tarihi a kan dala miliyan 192.5. Abin da za ku lura da shi a ciki shi ne mumbarai hawa-hawa a duka ƙarshen zauren biyu, gabas da yamma, da kujerun da aka tsara yadda jama'a za su iya juyawa su fuskanci kowane ɓangare. Matakalarsa tana da tsayi kuma a miƙe take, wanda ke fama da gwiwa ya tsaya a ƙasa. Ana shiga rukuni-rukuni, a Yuli kuma layi yakan yi tsawo, don haka ku nemi gurbi ta shafin intanet na cocin tun kafin ranar. A gangaren tudun akwai shagon Newel Whitney. A wani ɗan ɗaki na saman shagon ne dattawansu ke taruwa karatu suna shan taba suna tofar da yawu a daɓe, kuma daga nan ne a Fabrairu 1833 dokar da ta hana su taba da giya ta fito, wadda ta haɗa da abin sha mai zafi da suka fassara da shayi da kofi. Wannan yana da amfani a gare ku ta fuska biyu: ba za ku samu shayi a wurarensu ba, sai ku tafi da fulas ɗinku, kuma kada ku kai wa maƙwabcinku tsarabar ganyen shayi.

Ranar tafiya Nauvoo ku ba ta yini guda cur, ko ku raba biyu ku kwana a hanya. Za ku ribaci awa ɗaya, domin jihar Illinois, inda Nauvoo take, tana bayan Ohio da awa guda.

Nauvoo ku ba ta kwana uku, ita ce ta fi cancanta. Garin yana kan lanƙwasar kogin Mississippi. Sun zo shi a 1839 bayan an kore su daga Missouri, suka tarar da fadama mai sauro, suka janye ruwan suka gina birni na mutum sama da dubu goma. Yau mazauna garin ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba, kuma wannan ne tushen matsalar masauki. A Yuli zuwa farkon Agusta ana wasannin kwaikwayo biyu a fili da dare, ɗaya kan tarihin Nauvoo ɗaya kan waɗanda suka karɓi addinin a Birtaniya, motocin safa cike da matasa suna ta kwararowa, ɗakuna kan ƙare tun watanni kafin lokacin. In ba ku samu a cikin gari ba ku nemi Keokuk ko Fort Madison a tsallaken kogi, jihar Iowa. Gadar Fort Madison takan buɗe don jiragen dakon kaya su wuce, motoci su tsaya jira, don haka kada ku fito a ƙurarren lokaci. Cefane ma a waɗannan garuruwan za ku yi.

A tsohon garin akwai gidajen bulo da aka gyara, da wuraren sana'a inda ake nuna aikin a gabanku: maƙera, masu haɗa ƙafar keken shanu, tukar igiya, yin kyandir, gashin burodi, da shagon Jonathan Browning maƙerin bindiga. Ana hawa keken doki a zagaya gari kyauta, amma da tikiti, kuma na safe ke fara ƙarewa. In zafi ya tsananta sukan dakatar da dawakan. Zafin Nauvoo na Yuli mai gumi ne, iska ba ta busar da zufa, saboda haka ku yi yawon waje daga buɗewa zuwa sha biyu, ku huta da azahar, ku dawo bayan la'asar da maganin sauro. Kada ku ce sai kun shiga kowane gida. Uku ko huɗu a yini sun isa, bayan haka labaran sukan cakuɗe wa yara. Da yamma ku bi titin Parley a ƙafa zuwa bakin kogi. Ta nan suka fara ficewa ranar 4 ga Fabrairu 1846 cikin tsananin sanyi, sun bar gidajen da suka gina da hannunsu, suka nufi yamma tafiyar kusan kilomita 2,000. An kafa alluna a gefen hanyar ɗauke da abin da matafiyan suka rubuta a littattafansu. In kun juya daga bakin ruwa za ku hango farin haikali a kan tudu. Na asalin an ƙone shi a 1848, guguwa ta rushe saura a 1850, wannan da kuke gani an keɓe shi a 2002, kuma yana cikin waɗanda ba a shiga.

Kurkukun Carthage tafiyar rabin awa ce. A ɗakin bene na wannan gini ne gungun mutane ɗauke da bindigogi suka kashe Joseph Smith da yayansa Hyrum ranar 27 ga Yuni 1844. Ƙofar ɗakin tana nan da hudar harsashi a jikinta, ga kuma tagar da Joseph ya faɗo ta cikinta. Masu bayani sukan ba da labarin dalla-dalla, baƙi da yawa kan yi kuka. Ɗan 14 da 'yar 9 za su iya, amma auta gara ɗayanku ya zauna da ita a lambu.

Akwai abin da ya kamata ku shirya masa a matsayinku na iyaye. Masu zagayawa da ku 'yan mishan ne, yawanci dattawa ma'aurata ko 'yan mata biyu-biyu masu baƙin bajo a ƙirji. Ba malaman tarihi ba ne, masu imani ne da abin da suke faɗa. A ƙarshen kusan kowane zagaye za su ba da shaida cewa Smith annabi ne, wataƙila su miƙa muku littafinsu ko su nemi lambar waya. In kun ce kun gode, ku Musulmi ne, tarihi kuka zo gani, sukan karɓa da fara'a. In kuwa kun ba da lamba, ku sa ran za a kira, a kuma nemi zuwa gida. Ku zauna da yara tun kafin tafiya ku bayyana musu cewa mutanen nan sun yarda da annabin da ya zo bayan Annabi Isa da Annabi Muhammadu (SAW), kuma suna ɗaukar shugaban cocinsu na yanzu a matsayin annabi mai rai, abin da ya saɓa wa aƙidarku, ya kuma saɓa wa ta yawancin Kiristoci. Yaron da ya ji wannan daga bakin mahaifinsa ba zai rikice ba in ya ji shi daga bakin baƙuwa. Babban ɗanku kuma ya cancanci ya san ɓangaren da ba a cika farawa da shi ba: kama Smith ya biyo bayan umarnin da majalisar garin, wadda yake shugabanta, ta bayar na lalata maɗaba'ar wata jarida da ta fallasa auren mata da yawa da yake yi a ɓoye. Cocin ya sanar da daina wannan aure a 1890. Haka kuma har zuwa Yuni 1978 ba a naɗa baƙar fata a matsayin firist, ba a kuma barinsu yin manyan ibadun haikali. A ƙarshen shekarar ne 'yan mishan ɗinsu suka iso Najeriya da Ghana, daga baya aka gina haikali a Accra a 2004 da Aba a 2005. Cocin da kansa ya wallafa bayanai kan waɗannan batutuwa, don haka tambaya a kansu cikin ladabi ba laifi ba ne.

Sai taron Lahadi. Ku amsa gayyatar maƙwabcinku a unguwarku kafin tafiya, ya fi ku shiga na Nauvoo da ke cika maƙil da baƙi. Tun 2019 awa biyu ake yi. Awar farko kowa na babban zaure, har jarirai, don haka hayaniyar yara ba ta damun kowa. Babu ganga, babu tafi, babu faranti na karɓar baiko. Waƙoƙi ne da kayan kiɗan coci da ake kira ogan ko fiyano, da addu'a, sai jawabai biyu ko uku daga 'yan cocin, wani lokaci har da yaro ɗan shekara 13. Bishop ɗin ba albashi yake karɓa ba, yana da aikinsa na yau da kullum. A tsakiyar taron samari za su gutsuttsura burodi, ɗaya ya durƙusa ya karanta addu'a, ƙananan samari su zagaya da tire layi-layi, sannan a maimaita da ruwa a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Wannan ibadarsu ce ta tunawa da mutuwar Almasihu. Idan tire ya iso gare ku, ku karɓa ta mariƙinsa ku miƙa wa na kusa ba tare da kun ɗauka ba, babu wanda zai kalle ku. Ku gaya wa auta tun a mota, domin yaro in ya ga burodi hannu zai kai. Lahadin farko na wata yawanci ranar azuminsu ce, ba a tsara masu jawabi, duk wanda ya so ya tashi ya faɗi shaidarsa. Baƙon da ya zo karon farko zai fi gane tsarin a wata Lahadin. A ƙarshen makon farko na Afrilu da na Oktoba kuma ba a taron unguwa sam, ana babban taro ne daga Salt Lake.

Awa ta biyu azuzuwa ce, yara a nasu, matasa a nasu, manya a nasu. Darasin addini ne zalla da waƙoƙinsa, saboda haka ba na ba ku shawarar ku tura yara su kaɗai. Kuna iya yin sallama bayan awar farko, ba a ɗaukar haka rashin kunya. Maza kan sa farar riga da nakatai, mata doguwar riga ko siket. Kaftani da hula, atamfa da mayafi ko hijabi, duk sun dace. Gaisawa da hannu ta yi yawa a wurinsu, maza da mata. Maiɗakinka ta ɗora hannu a ƙirji ta yi murmushi, za su gane. In an gayyace ku cin abincin unguwa, wanda kowane gida ke kawo kwano, ku tambayi abin da ke ciki, domin naman alade yakan shiga wake da dankali da salak, kuma kayan zaƙin nan mai karkarwa da suke so ƙwarai galibi da sinadarin da ake samu daga alade ake yin sa. Giya dai ba za ku gamu da ita ba.

Abinci da salla a hanya su ma suna son tsari. Rochester da Cleveland suna da masallatai da shagunan halal, ku daidaita Juma'arku da ɗayansu, ku cika akwatin sanyi da nama da ƙanƙara kafin ku nufi Illinois, domin a kewayen Nauvoo samun halal zai yi wuya. Masauki mai kicin ya fi muku otal. Ku tafi da darduma, kuma in lokaci ya kama ku a wurin tarihi ku tambayi masu kula da shi inda za ku tsaya, ko ku yi a filin ciyawa nesa da hanyar mutane. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi zuwa tara, wasan dare kuma yana farawa ne dab da magariba, sai ku yi alwala tun daga masauki.

Dawowa, filin jirgin St. Louis yana da nisan kusan awa uku daga Nauvoo. In kwana ɗaya ya rage kuma ta Kansas City za ku tashi, kurkukun Liberty, inda aka tsare Smith daga Disamba 1838 zuwa Afrilu 1839, da filin haikali na Independence suna kusa da juna, yini ɗaya ya haɗa su. Game da Utah kuwa, haikalin Salt Lake, wanda aka shekara 40 ana ginawa daga 1853 zuwa 1893, yana rufe tun Disamba 2019 ana ƙarfafa harsashinsa saboda girgizar ƙasa, kuma cocin ya sanar da cewa za a buɗe shi ga jama'a daga Afrilu zuwa Oktoba 2027 kafin a sake keɓe shi. In za ku je, ku saita tafiyar da wannan lokaci, ku nemi tikiti da masauki da wuri. Shirin mawaƙansu na safiyar Lahadi, wanda ake watsawa tun 1929, kyauta ne, amma ba a shiga zauren da yaron da bai kai shekara 8 ba, don haka ɗayanku zai tsaya da auta.